Famfon ruwa na lantarki: a ina za a ɗaure shi, kuma da me?

Tambaya: Ni direba ne, da Hiace nake bin kasuwannin ƙauye wajen Dakoro da Mayahi. Motar tana zafi in na daɗe tsaye a tasha inji na aiki. Makanikina ya sa na sayi famfon ruwa na lantarki, ya ɗaure shi da waya a jikin inji. Ba a jima ba bakin famfon ya tsage, ruwa ya zube. In sayi wani, ko kuɗina ne kawai zan sake zubarwa?

Malam direba, sannu da hasara. Amma kafin ka sake sa hannu aljihu, a duba abin da ke sa motar zafi tun asali. Motar da ke tafiya lafiya a hanya sai ta tsaya ta fara tafasa, yawanci iska ce ba ta ratsa lagireto: ko fanka ta yi sanyi, ko ƙura da ƙaiƙayi sun toshe ramukan, ko murfin lagireton ya daina riƙe ƙarfi. Murfin nan da ake rainawa shi ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi ke haura 40, wannan tazarar ce ke raba mai isa gida da mai kwana a hanya. In waɗannan ba su da lafiya, famfo goma ma ba su fisshe ka.

To, in an gyara su kuma har yanzu kana son famfon, laifin bai zama na famfo ba, na ɗauri ne. Jikin yawancinsu roba ce mai tauri. Inji kuwa rawa yake yi a kan kujerunsa, lagireto yana zaune a jikin mota. Wanda ya matse famfo a jikin inji da waya ya sa bakinsa tsakanin masu ja biyu, ga gargadar hanyar laterit a kai. Dole ya tsage.

Ga yadda zan so a yi maka. A nemi wuri ƙasa-ƙasa, a kan tiyon da ke fitowa daga gindin lagireto zuwa inji. Irin wannan famfo ba ya tsotso ruwa daga nesa, sai ruwan ya gangaro masa da kansa. In aka ɗaga shi sama, iska yake kaɗawa, ya yi ta kuka har ya lalace. Amma kada a sauke shi ƙasa da ƙarfen gaban mota, inda dutse ko tudun yashi zai same shi. A kai wa mai walda ya yanko ɗan ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi da noti biyu a jikin mota, ba noti ɗaya ba, don guda ɗaya juyawa yake. Sannan a rungume jikin famfon da zoben ƙarfe mai roba a ciki. In ba a samu ba, a yanko robar tsohon tiyo a naɗa masa kafin a matse. Matsewar ma da hankali: ya zauna daram, amma in ka kama shi ka girgiza ka ji robar tana ɗan bayarwa.

Tiyon da ke zuwa inji a bar masa ɗan sarari ya lanƙwasa, kada a ja shi kamar tsirkiyar baka. A kuma nisanta famfon da wayoyinsa daga bakin salansa, a tabbata ba abin da ke gogar fambel. Wuta kuwa ta biyo ta fis kusa da batir, da rile, wato ɗan makunnin da ke buɗe wa famfo wuta ya rufe. Na sha ganin an murɗa waya tsirara an liƙe da leda. Wannan ba gyara ba ne, gobara ce ake ajiyewa.

Wani abu wajen saye: dubi faɗin bakinsa. Ƙananan famfunan Bosch da ake cirowa daga Mercedes da Volkswagen bakinsu wajen milimita 20 ne, an yi su don zagaya ruwa a ƙaramin layi. Babban tiyon lagireto ya haura milimita 30. Ka sa ƙaramin a nan, ka shaƙe motar da hannunka. Waɗanda aka yi don babban tiyo, irin na kamfanin Davies Craig na Ostareliya, suna tura lita 80 ko 115 a minti. Bayan an gama, a cika ruwa a fitar da iska sarai kafin a ba shi wuta.

Tambaya: Prius gare ni ta 2007. An ce ƙaramin famfon da ke sanyaya na'urar lantarkinta ya mutu. Sabo zan saya ko na hannu?

Hajiya, sabo, in da hali. Wannan famfon sananne ne da mutuwa, har Toyota ta kira motocin 2004 zuwa 2009 a 2012 don canza shi, saboda haka na hannun da za a ba ki wataƙila tsaransa ne a gajiya. Ki ce a mayar da shi kan mazauninsa na asali da robobinsa, kada a yar da su. Gwajin ma da idonki za ki yi: a tada mota, a buɗe murfin ƙaramin tankin ruwan na'urar, za ki ga ruwan yana motsi. In ya kwanta shiru, famfon ba ya aiki ko iska ta tsaya a ciki. Ruwan kuma na Toyota mai ruwan hoda za a zuba, ba na rijiya ba.

Tambaya: Zan iya cire famfon asali mai fambel gaba ɗaya in bar na lantarki shi kaɗai?

Ana yi, masu motocin tsere suna yi, tare da na'urar da ke rage masa gudu gwargwadon zafin inji. Amma mai zuwa Zinder ko Yamai da fasinja, ban ba shi wannan shawarar ba. Fis ɗaya ya ƙone, ruwa ya tsaya cik, kafin ka lura da allurar zafin inji gaskit ya tafi. Fambel kuwa ko a Gidan Rumji ya tsinke za ka samu mai sa maka wani.