Me ya sa yawanmu a Legas ba ya zama kujera?

Malam, ka tambaya me ya sa duk yawan Hausawa a Agege, Mile 12 da Alaba Rago, da wuya mu fitar da ɗan majalisar jiha. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a ganina tsarin zaɓen ne babban dalili.

Majalisar dokokin Legas kujeru 40 gare ta, kowace mazaɓa mutum ɗaya. Wanda ya fi ƙuri'a, ko da guda ɗaya ce, shi ke ɗauka, sauran duk sun tashi a tutar babu. Mu kuwa a warwatse muke: muna da yawa a ko'ina, amma ba mu da rinjaye. Na tsaya layi a rumfarmu ta Agege tun asuba, masu shayi da 'yan dako cike da wurin, amma da aka haɗa sakamakon mazaɓa sai muka nutse.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2023 Peter Obi ya ci Legas a zaɓen shugaban ƙasa, amma jam'iyyar Labour da ya tsaya a ƙarƙashinta kujeru 2 kacal ta samu a majalisar jiha, APC ta kwashe 38. Shi ya sa ƙananan jam'iyyu ke narkewa, kowa ya ruga babba.

A Afirka ta Kudu kuwa ana raba kujeru 400 na majalisar dokokin ƙasa ne gwargwadon kason ƙuri'un kowace jam'iyya, wanda ke warwatse ma yana samun nasa.

Kafin a canza doka, shawarata mu maido da rajistarmu daga gida zuwa nan, mu nemi kujerar kansila a unguwannin da muka fi taruwa.