Tambaya da Amsa: Injin jirginmu ya ƙare, wanne za mu saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni ɗan Yawuri ne amma a Epe muke zaune nan Legas, kamun kifi ne sana'armu tun kakanni. Jirgin katako gare mu wanda Baba ya bar mana, gaskiya ya kwana biyu, injin da ke kai mai doki 25 ne kuma yanzu ya tsaya cak, makaniki ya buɗe yace karanshaf ya tafi kuma kuɗin gyaran ya kusa sayen wani. Ƙanina yace mu ɗauko mai 60 kawai mu huta, wani kuma yace fo-sitirok, wanda ba a haɗa masa fetur da man inji, ake yayi saboda tsadar fetur. Dan Allah a bamu shawara, tokunbo ko sabo ɗan China? Daga mai karatu a Epe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba. Toh kafin ka taka kasuwa jirgin zaka fara dubawa, dan shi zai faɗa maka injin da zai iya ɗauka ba ƙaninka ba. Je ka wajen katakon da ake ɗaure injin, ka soka masa sukundireba, in ta shige kamar a soso to ya ruɓe, a canza shi da ƙusoshinsa tukuna, in ba haka ba wata rana kana tsakiyar ruwa injin zai ɓalle da katakon gaba ɗaya ya nutse kana kallo.

Maganar 60 ɗin nan ni ban goyi baya ba sam. Jirgin katako mai nauyi da ke ɗauke da taru da ƙanƙara da mutane ba tashi yake a saman ruwa kamar na faiba ba, ture ruwan yake, akwai gudun da in ya kai ko ka ninka ƙarfin injin abinda zai ƙaru kaɗan ne, sai dai baya ya zauna hanci ya ɗaga, jijjiga kuma ta riƙa buɗe haɗin katakan kuna kwarfar ruwa. Ga shan mai. Tu-sitirok, wato wanda ake haɗa masa fetur da man inji, mai 40 in ka murɗa shi har ƙarshe yana shan wajen lita 20 a awa ɗaya, mai 25 kuwa wajen 11, ka lissafa da farashin fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, sannan ka lissafa kifin da kuke kamawa a fita ɗaya. In 25 ɗin yana isarku a lagun, wato tafkin nan na Legas, to ku koma masa. In kuma kuna leƙa teku ko kaya sun yi yawa, 40 ne iyaka, ku riƙa tafiya da shi rabin wuta zuwa sama kaɗan.

Fo-sitirok gaskiya ne yana rage shan fetur, ba hayaƙi ba ƙara sosai, amma mai 40 ɗinsa yakan doshi kilo 100 alhali Yamaha Enduro 40 kilo 70 da ƴan kai ne, kuma ku masu cire inji ku saɓa a kafaɗa ku kai gida duk dare saboda ɓarayi ai kun san bambancin. Sannan da yawansu injekta ne, in suka yi gardama sai mai kwamfuta. Enduro kuwa ko Suzuki DT40 kusan kowane makaniki a bakin ruwa daga Makoko zuwa Badagry ya san cikinsu, kafireto ne da fulogi. Tambayi makanikinku wane inji ne kayansa ke shagon kusa, wannan amsar tafi tawa.

Abinda mutane ke mantawa shi ne tsawon ƙafar injin. Akwai gajera inci 15 akwai doguwa inci 20. Ka auna daga saman katakon zuwa gindin jirgin da tef, faffaɗan ƙarfen nan da ke saman farfela ya zo daidai da gindin jirgi ko ƙasa da shi kaɗan. In ta gaza farfela zata riƙa shaƙar iska, in ta zarce kuma kullum kuna cikin yashi.

Tokunbo ko ɗan China, ya danganta da wanda ka samu. Sababbin China irinsu Parsun da Hidea na aiki kuma sun fi sauƙin kuɗi, sai dai in ka tashi sayarwa ba sa riƙe daraja kamar na Japan. In tokunbo ne kar ka biya sai an tada shi cikin duro mai ruwa a gabanka, ka ga yana fitsari da ƙarfi, wato yana tsarto ruwan da ke sanyaya shi, makaniki ya gwada matsin silinda biyun su zo kusa da juna, ya kwance ƙusar giya ta ƙasa, in man ya fito fari kamar madara ruwa na shiga. Ka karɓi rasit mai lambar injin, in an kankare lambar ka bar musu kayansu ko nawa suka rage. Kuma ko me aka ce maka ka sa sabuwar robar famfon ruwa kafin fitar farko, musamman lokacin da ciyawar ruwan nan ke rufe lagun tana toshe mashigar ruwa.

TAMBAYA: Malam man mota da ake sawa a inji zai yi wajen haɗa fetur ɗin jirgi? Naga ya fi araha. Daga Ikorodu.

AMSA: A'a Alhaji, ba dan ƙonewa aka yi shi ba, zai cika maka fulogi da ringi da baƙin datti. Nemi na tu-sitirok na ruwa mai rubutun TC-W3 a jikin galan. Yawancin irin injinan nan kashi 50 ne da 1, wato rabin litar mai a jarkar fetur mai lita 25, in sabo ne dal kuma a ninka man a awa 10 na farko, amma duba littafin injinka dan wasu nasu awon daban ne. Ka fara zuba man sannan fetur ka girgiza sosai.