Tambaya da Amsa: Idan Tirela Ta Yi Ɓarna, Wa Za a Kama?

Wasiƙu huɗu na ware a wannan makon, dukkansu a kan manyan motoci. Na rage musu tsawo saboda wuri, kuma na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, tirela ce ta bugi motar maigidana ta baya yana tsaye a danja. Ya karye a ƙugu da ƙafa, wata huɗu ke nan bai taka ba. Direban yana hannun 'yan sanda. Da muka je kamfanin, manajan ya ce sun riga sun kore shi, laifinsa ne, mu je mu bi shi. Mutumin nan ko kuɗin beli bai iya haɗawa ba. Shi ke nan mun yi asara? Daga wata uwar 'ya'ya uku.

AMSA: Malama, Allah ya ba maigidanki lafiya, ya sa kaffara ne. Ba ku yi asara ba, kuma kada maganar manajan nan ta karya miki gwiwa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina bin fayilolin haɗari a wani kamfanin inshora, na ji wannan maganar ta “mun kore shi” har na haddace ta.

Shari'a biyu ce a gabanku, mutane kan cakuɗa su. Wadda 'yan sanda ke riƙe da ita shari'ar laifi ce tsakanin hukuma da direba, ko an ɗaure shi ba ita za ta biya kuɗin asibiti ba. Taku ita ce ta neman diyya, kuma a nan ne sunan kamfani ke shigowa. A mafi yawan ƙasashe ƙa'idar ɗaya ce: ɓarnar da ma'aikaci ya yi yana bakin aikin ubangidansa, ubangidan ne ke ɗaukar nauyinta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da alƙali zai tambaya shi ne, a lokacin da motar ta yi karon, kayan wa ta ɗauko, kuma wa ya aiki direban? Takardar sallamar da aka rubuta washegari ba ta canza amsar. Inda kamfani ke samun mafita shi ne idan direban ya saci jiki da motar ya tafi harkar kansa, kamar ya ɗauki lodin gefe ba da sanin kowa ba. Wata dabarar kuma ita ce su ce ai ba ma'aikacinsu ba ne, ɗan kwangila ne mai zaman kansa. Kotu ba ta tsayawa kan sunan da aka raɗa masa a takarda. Takan duba wa ke ba shi hanya, wa ke sa masa lokaci, wa ke zuba mai, wa ke da ikon korarsa. Manajan da ya ce muku ya kore shi ya riga ya amsa wannan tambayar da bakinsa.

Bayan wannan akwai laifin kamfanin shi kansa, wanda sau da yawa ya fi na direba nauyi. Ba na manta wani fayil da ya zo teburina. Littafin tuƙin direban tsaf yake, da biro ɗaya da rubutu ɗaya, ya nuna ya kwanta ƙarfe goma na dare ya tashi shida na safe. Tsaftar ce ta sa na yi shakka, don littafin da ake cikawa a hanya ba ya rasa tabon mai da karkatar rubutu. Na nemi rasiɗan man motar. Ɗaya daga ciki an buga shi ƙarfe 2:40 na dare, a wani gidan mai da ke nesa da inda aka ce mutumin yana barci. Daga nan na nemi katin gareji. Sau uku bakanike ya rubuta cewa birkin baya ya cinye, sau uku wani daga ofis ya rubuta a ƙasa da jan biro: “bayan wannan tafiyar.” Da aka ajiye takardun nan biyu a gaban lauyan kamfanin, ba a sake maganar direba ba.

Matsalar ita ce irin waɗannan takardun ba sa jira. A Amurka ma, inda hukumar FMCSA ke sa ido a kan manyan motoci tun shekarar 2000, wata shida kawai doka ta tilasta wa kamfani ya adana bayanan awannin tuƙi. Gwajin barasa bayan mummunan haɗari cikin awa 8 ake yin sa, na ƙwaya cikin awa 32. Kwamfutar injin sababbin motoci takan riƙe gudun motar da lokacin da aka taka birki a daƙiƙun ƙarshe, amma da an gyara motar ta koma hanya, sabon bayani na iya hawa kan tsohon. Wata huɗu ya riga ya wuce, don haka a wannan makon ki samu lauya ya rubuta wa kamfanin da inshorarsa, ya nemi a adana littafin tuƙi, katin gyara, takardar lodi da rasiɗan mai. Ki kuma karɓi rahoton 'yan sanda da na likita, ki tara kowane rasiɗin magani komai ƙanƙantarsa.

Kusan ko'ina doka ba ta yarda babbar mota ta hau titi ba tare da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna ba. A Amurka mafi ƙaranci ga motar kaya shi ne dala dubu 750, na wasu kayan masu haɗari kuma yakan kai dala miliyan 5. To, masu inshorar za su zo muku da fara'a da 'yar takarda. Ni ma na yi wannan aikin, na san abin da ke cikinta: in kun sa hannu kun karɓi kuɗin, magana ta mutu, ko da an sake yi masa aiki baɗi. Kada ya sa hannu sai likita ya faɗi inda ƙafar za ta tsaya. Amma kuma kada ku yi ta jinkiri, don shigar da ƙara yana da wa'adi. A Ingila shekara uku ce ga wanda aka ji wa rauni, a jihohin Amurka da dama biyu ce. Ki tambayi lauyan na ƙasarku nawa ne tun a zaman farko. Za su kuma tambaya ko maigidanki ya ɗaura bel. Kotunan Ingila kan rage diyya har kashi 25 cikin ɗari idan bel ɗin zai iya hana raunin. Ragi ne, ba ya soke haƙƙin.

TAMBAYA: Yallaɓai, shekara goma sha tara ina jan tirela. Ubangidana kan sa mini lokacin da ba za a iya kai kaya ba sai an kwana ana tuƙi. In na ce na gaji, sai ya ce akwai direbobi goma a bakin ƙofa. In tsautsayi ya gifta, wa doka za ta kama? Daga wani direba.

AMSA: Ɗan'uwa, ba zan ɓoye maka ba, kai za a fara kamawa. Kai ne a sitiyari, kai za a tarar a wurin, kuma “oga ne ya ce” ba ta cika fitar da direba daga shari'ar kisa ba. A watan Afrilun 2019 wani direba ɗan shekara 23 ya gangaro daga duwatsun jihar Kolorado ta Amurka da lodin katako, birki ya ƙi, ya wuce hanyar tsakuwar da aka tanada don tsayar da motar da ta ƙwace, ya afka cikin cunkoso, mutum huɗu suka mutu. Aka yanke masa shekara 110. Sai da jama'a suka yi ca kafin gwamnan jihar ya mayar da ita goma. Shi ne ya shiga gidan yarin, shi kaɗai.

Ga abin da ƙasashen da suka ɗauki maganar da muhimmanci suka rubuta. A Amurka direban kaya ba ya wuce awa 11 yana tuƙi, duk a cikin awa 14 daga lokacin da ya kama aiki, kuma sai ya huta awa 10 a jere kafin ya sake hawa. Tarayyar Turai ta fi tsauri: awa 9 a rana, a yarda da 10 sau biyu a mako, hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kada a wuce awa 56 a mako ko 90 a mako biyu. Ba bakin direba ake bi ba. A Turai na'urar takogiraf ce ke rubuta komai, Amurka kuma ta wajabta littafin lantarki tun Disambar 2017, saboda irin littafin da na ba da labarinsa a sama.

Ba don son takura aka tsara haka ba. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa kan koma kamar na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Direban babbar mota a Amurka kuwa 0.04 kawai ya isa a sauke shi. Wato wanda bai taɓa kurɓar komai ba a rayuwarsa yana iya zama daidai da mashayi da asuba. Barci ɓarawo ne, ka fi ni sani, kuma abin da ake haɗiya don a kore shi ba ya korar sa, ɓoye shi yake yi har ya zo gaba ɗaya.

Ko dokar ma tana da ɓaraka. A watan Yunin 2014 tirelar kamfanin Walmart ta bugi motar ɗan wasan barkwancin nan Tracy Morgan a jihar New Jersey ta Amurka, abokinsa ya mutu, shi kuma ya daɗe a kwance. A takarda direban bai cika awa 14 ba. Masu bincike suka gano ya tuƙo motarsa kusan kilomita 1,300 daga gida zuwa wurin aiki kafin ya hau tirelar, ya fi awa 28 bai runtsa ba. Kamfanin ya biya diyya.

Shi ma ubangidanka ba a wanke yake ba. Tun 2016 laifi ne a Amurka kamfani ko mai kaya ko dillali ya yi wa direba barazanar kora don ya karya dokar awanni. Abin da zai cece ka shi ne shaida. Ka sa ya turo maka lokacin lodi da lokacin saukewa ta saƙon waya, ka ajiye. In birki ko taya na da matsala, ka faɗa a rubuce ka ɗauki hoto. Na san wannan ba zai hana shi kiran ɗaya daga cikin goman nan ba, kuma ba ni ne ke ciyar da gidanka ba. Amma na zauna da direbobi a ɗakin jiran kotu, ban ga ranar da ubangida ya zo ya ce shi ne ya sa lokacin ba.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, mota ba tawa ba ce, haya nake ɗauka. Nakan ƙara wa direba wani abu ya ɗora buhuna a kan lodi. In an yi haɗari ina ruwana? Daga wani Alhaji.

AMSA: Ranka ya daɗe, da ruwanka. Birki an ƙera shi ne a kan wani nauyi. Abin da ya ƙaru a kai zafi yake komawa, a doguwar gangara kuma birkin da ya yi zafi ba ya kamawa. Lodin da ya yi tsini sama shi ke kayar da mota a kwana. Shi ya sa Amurka ta tsayar da nauyin mota da kayanta a kusan tan 36 a manyan hanyoyinta, Turai kuma tan 40 ga motar da ke ƙetare iyaka. Titi ma yana ji: gwajin da aka yi a jihar Ilinoi daga 1958 zuwa 1960 ya nuna in aka ninka nauyin da ke kan gatarin taya, lalacewar kwalta kan ninku kusan sau 16.

Ostireliya ce ta fi fayyace maganarka. Dokarta ta jero mai kaya, mai lodi, mai tsara lokaci da mai karɓar kaya, ta ce kowa zai amsa gwargwadon abin da ke hannunsa, mafi munin laifin kuma yana kai mutum ɗaurin shekara biyar. Inda babu irin wannan dokar ma, lauyan wanda aka buge zai iya jawo ka cikin ƙarar sakaci, tunda da saninka aka yi. Sannan inshorar kayanka na iya ƙin biya idan takardar lodi ta ce tan 30 sikeli ya ce 38.

TAMBAYA: Me ya sa direbobin tirela ke danna mini hon kamar za su cinye ni in na wuce su na shiga gabansu? Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanena, tsoro ne ya kama shi. Tazarar nan da ka gani ka shige, ita ce filin birkinsa. Tirela da cikakken lodi tana gudun kilomita 105 a awa tana bukatar kusan mita 160 kafin ta tsaya, ƙaramar motarka kusan mita 96. Birkinta na iska ne, akwai ɗan jinkiri tsakanin takawa da kamawa. Kuma dab da hancinta akwai wurin da direba ba ya ganin komai daga kujerarsa. Kada ka koma layinsa sai ka ga fitilunsa biyu da gilashin gabansa a madubinka na ciki. In ka yanke shi aka yi karo, hoton kyamarar da ke gaban motarsa ne zai fara isa ofishin inshora, kuma a ranar kai za a nema ka biya gyaran tirelar.