Fistol mai babban harsashi don tsaron gida: amsa ga wani ɗan kasuwa a Gombe

Wani ɗan kasuwar hatsi da ke hada-hada a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, ya aiko mini da doguwar wasiƙa, ya kuma roƙi a sakaya sunansa. Ya ce sun ɓata da wani tsohon abokin cinikinsa a kan kuɗin wake da riɗi na kakar bara, mutumin yana ta turo masa saƙonnin barazana, har wani dare wasu samari da yake zargin 'yan kalare ne, wato 'yan daban Gombe, suka zo suka yi ta saran ƙofar gidansa da adduna. Ƙaninsa da ke zaune a Amurka ya yi tayin saya masa fistol ƙirar Desert Eagle mai harsashin .50, ya ɓoye ta cikin motar da zai turo masa ta jirgin ruwa. Alhajin ya ce ya karanta dokar bindigogi da kansa, ya ga an lissafa girman harsasan da aka haramta, bai ga .50 a cikinsu ba, don haka yana ganin abin da ya rage masa shi ne ya nemi lasisi wurin Kwamishinan 'Yan Sanda. Ya ƙara da cewa bindigar farauta mai baki biyu ta marigayi mahaifinsa tana ɗakinsa, da takardarta.

Alhaji, Allah ya tsare ka da iyalinka, ya kuma kawar da wannan fitina. Abin da zan faɗa bayani ne a kan abin da ka rubuto kawai, ban ga saƙonnin ba, ban ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, saboda haka ba zai maye gurbin zama da lauya da takardunka a gabansa ba. Amma akwai abu guda da ba na shakka a kansa, kuma da shi zan fara: karatun da ka yi wa dokar kuskure ne, irin kuskuren da kan kai mutumin kirki gidan yari.

Dokar Bindigogi ta ƙasa, wadda aka fara yi a 1959 kuma take a babi na F28 cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa makamai kashi 3 a jadawalinta. Layin da ka gani, wanda ya ambaci milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da .303, yana magana ne a kan dogayen bindigogin soja. Da ka sauko layi ɗaya ƙasa da shi, da ka tarar da abin da ya shafe ka, domin nan ne aka sa duk wata fistol da duk wata libarba cikin haramtattun makamai, ba tare da duba girman harsashi ba, har da tsofaffin da ake ɗura wa albarushi. A idon wannan doka, ƙaramar fistol da ake sakawa a aljihun riga da wadda ƙaninka yake son saya maka hukuncinsu ɗaya, kuma suna rukuni guda da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti. Ko da ma babu wannan layin, jadawalin ya rufe da cewa duk bindigar da ba a ambata a kashi na biyu ko na uku ba ta faɗa cikin haramtattun. Wato rashin ganin sunan makami a jerin ba izini ba ne, akasin haka yake nufi.

Daga nan kuskure na biyu ya taso. Kwamishinan 'Yan Sanda na Jihar Gombe ba shi da hurumin ba ka lasisin fistol, kuma Babban Sufeton 'Yan Sanda ma ba shi da shi. Sashe na 3 ya bar wannan iko a hannun Shugaban Ƙasa, in ya ga dama. Abin da ke hannun Babban Sufeto a ƙarƙashin sashe na 4 shi ne kashi na biyu, irin su bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu wadda ba ta ɗura wa kanta harsashi, da bindigar iska. Hurumin Kwamishina ya fi shafar kashi na uku, wato bindigogin toka da maharbanmu ke riƙewa. Ko a waɗannan ma, sashe na 6 ya fito fili cewa lasisi ba haƙƙi ba ne da za ka tilasta a ba ka, kuma ya hana shi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka samu da laifin tayar da hankali cikin shekaru 5 da suka wuce. Ka kuma sani cewa a watan Agusta na 2023 muƙaddashin Babban Sufeto na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da cewa an dakatar da bayar da lasisin bindiga. Kafin nan, a 2022, da gwamnan Zamfara na lokacin ya umarci jama'arsa su nemi bindigogi don kare kansu, rundunar 'yan sandan jihar ta ce takunkumin bayar da lasisi yana nan daram. Makamai suna cikin abubuwan da Kundin Tsarin Mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya ita kaɗai. Ya kamata lauyanka ya tambayi halin da ake ciki yanzu a hedikwata kafin ka cike ko da fom ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka yana da hanya a Abuja, zai fitar maka da lasisin fistol in ka kawo wani abu, to ka nisance shi.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Sashe na 27 ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda ya mallaki haramtaccen makami babu lasisi, kuma shigo da shi ƙasar laifi ne mai zaman kansa, harsasai ma haka. Akwai kuma dokar fashi da makami, wadda masu gabatar da ƙara kan yi amfani da sashenta na 3 wajen tuhumar mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Motar da za a sako bindigar a ciki da sunanka za ta iso tashar jiragen ruwa ta Legas, takardun kwastam sunanka za su ɗauka, kuma ba na jin bayanin cewa ƙaninka ne ya saka za ta fisshe ka, musamman tunda kun yi ta tattauna zancen ta waya. Shi ma ƙanin naka ba zai tsira ba, domin Amurka tana da tata dokar da ta hana fitar da bindiga daga ƙasar babu izini. Ina ganin da kyakkyawar niyya ya yi tayin, sai dai yana auna Najeriya da ma'aunin inda yake zaune. A can tsarin mulkinsu ya ba ɗan ƙasa 'yancin riƙe makami, kuma Kotun Ƙolinsu ta tabbatar da haka a 2008. Namu kundin na 1999 ba shi da irin wannan sashe ko kaɗan.

Na san abin da za ka ce, domin ka rubuta shi har sau biyu a wasiƙarka: ai doka ta ba ni damar kare kaina. Gaskiya ne ta ba ka. Sashe na 33(2) na Kundin Tsarin Mulki ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya, kuma dokar Final Kod ta asali, wato kundin dokokin laifuka na jihohin Arewa, ta yi bayanin haka daga sashe na 59 zuwa na 67, ko da yake jihohi sun yi wa tasu gyare-gyare kuma lambobin sassan kan bambanta. Amma 'yancin kare kai da 'yancin mallakar makami abubuwa biyu ne da kotu ke dubawa daban-daban. Mai yiwuwa ne alƙali ya yarda cewa ka yi harbi ne don ceton ranka, ya sallame ka daga tuhumar kisa, sannan a zama ɗaya ya ɗaure ka shekara 10 saboda bindigar da ka yi harbin da ita.

Shi kansa kare kan yana da iyaka, kuma a nan ne girman makamin zai zame maka kaya. Doka ta ce kada ka yi ɓarnar da ta wuce abin da ake buƙata, kuma babu wannan kariya idan kana da lokacin neman agajin hukuma. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, wani manomi a maƙwabciyarmu Adamawa, wanda ya ce an kai masa hari da wuƙa a gonarsa, ya ƙwace wuƙar ya kashe maharin. Kotu ta ga cewa da ya raba shi da makamin, yana da damar guduwa. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce sosai, lauyoyi da dama ba su gamsu da shi ba, amma ya nuna maka yadda ake tsananta ma'aunin. To ka ƙaddara mai gabatar da ƙara ya ɗaga bindiga mai nauyin kusan kilo 2, mai harsashi mai faɗin milimita 12.7, irin wadda a ƙasashen da aka halatta ta an fi amfani da ita wajen farautar manyan dabbobi da wasan harbi, ya tambaye ka dalilin da ya sa ka zaɓe ta, da kuma lokacin da ka yi odarta. Amsar gaskiya ita ce bayan rigimarku da wane. Ba zan ce girman harsashi shi kaɗai zai yanke shari'a ba, amma zai ba su abin da za su kafa hujjar cewa ka daɗe da ƙulla niyya.

Akwai kuma abin da ya fi damuna fiye da shari'ar. Na taɓa tsayawa wa wani magidanci da ya yi harbi cikin duhu da bindigar da ba ta kai wannan ƙarfi ba, harsashin ya huda bangon bulo ya samu yaron maƙwabcinsa yana barci a kan tabarma. Ranar da aka kawo bindigar kotu a matsayin shaida, an naɗe ta da takarda an rubuta lamba a jiki, ta kasa tsayawa a kan teburin magatakarda sai da aka tokare ta da littafi, shi kuwa mutumin bai ɗaga kai ya dube ta ba har aka tashi. Gidajenmu a Gombe bango ɗaya ke raba su, kuma a lokacin zafi rabin mutanen unguwa a tsakar gida suke kwana.

Yanzu ga bindigar marigayi, Allah ya jiƙansa. Lasisi na mutumin da aka ba ne, ba a gadonsa. Ita bindigar dukiya ce, ana iya ƙiyasta kuɗinta cikin rabon gado, amma doka ta ba magaji kwana 14 ne kawai bayan rasuwa ya riƙe ta. Idan an wuce haka, kuma daga wasiƙarka na fahimci an daɗe da wucewa, to kana riƙe da bindiga babu lasisi, laifin da ɗaurinsa kan kai shekara 5. Kada ka jefa ta a but ɗin mota ka nufi caji ofis da kanka, domin shingen farko da aka tsayar da kai zai iya mayar da kyakkyawar niyyarka tuhuma. Lauyanka ya rubuta wa Kwamishina, a haɗa da tsohon lasisin da shaidar rasuwa, a tsayar da ranar miƙa ta, a ba ka rasit mai ɗauke da lambar bindigar. Ba zan yi maka alƙawarin cewa ba za a yi maka tambayoyi ba, amma wanda ya kai da kansa a rubuce matsayinsa ya fi na wanda aka samu da ita a ƙarƙashin gado nesa ba kusa ba, kuma kada ka manta abokin rigimarka ya san gidanka, mai yiwuwa ya san da bindigar.

Game da barazanar, hanyar sananniya ce. Ka adana saƙonnin, kada ka mayar da martani ko da kalma ɗaya, ka shigar da ƙorafi a rubuce wurin baturen 'yan sandan yankinku da kwafi ga Kwamishina, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Tsoratar da mutum laifi ne a Final Kod, kuma kotun majistare tana da ikon sa mutum ya ɗauki alkawarin zaman lafiya tare da masu tsaya masa. Ka ɗauki hoton ƙofar kafin a gyara ta. Fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar gida, da kyamara, da sanar da mai unguwa da 'yan banga, duk halal ne kuma za su amfane ka a gaban alƙali.

Idan abin da ka faɗa game da tsohon abokin cinikin naka gaskiya ne, to ya yi wauta, domin mai neman haƙƙinsa ba ya turo samari da adduna, kuma ya raunana duk wata hujjar da yake da ita. Duk da haka na lura ba ka ce ba ya bin ka komai ba, cewa ka yi lissafinsa ba daidai ba ne. Wannan rigimar lissafi ce, kuma shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwarku sun fi kowace kotu sanin farashin buhun wake a watan da kuka saya da watan da kuka sayar. Shawarata ita ce lauyanka ya aika masa takarda guda, a sanar da shi cewa an kai ƙorafin barazanar, a kuma gayyace shi zaman sulhu a gaban shugabannin kasuwa ko hakimi ko wani malami da kuka yarda da shi ku biyu. Kowa ya zo da littafinsa da shaidar tura kuɗi ta banki, abin da aka cimma a rubuta, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, a kuma sa sharaɗin daina barazana a ciki. Idan ya ƙi zuwa, ƙofar kotu a buɗe take, ta Shari'a ko Babbar Kotu gwargwadon yadda cinikin naku yake, sai dai ka shirya wa ɗage zama da kashe kuɗi.

Kafin duk wannan, ka kira ƙaninka yau, ka kuma bi da saƙo a rubuce, ka gaya masa ƙarara cewa ba ka son bindigar, kada ya saka komai a motar ban da takardunta.