Ciwon Maƙogwaro da Kumburin Dasashi: Me Za a Saya, Me Za a Bari a Kanta?

Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa, saƙonnin da ke shigowa wannan fili kusan duk a kan baki da maƙogwaro suka tsaya. Na tsamo guda biyar, na taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Kwana uku ke nan maƙogwarona yana ciwo, ga mura ga tari, yawu ma sai na runtse ido nake haɗiye shi. A kemis an ce in sayi Ampiclox, ko in ƙara kuɗi in ɗauki Augmentin, wai ya fi ƙarfi. Wanne ya fi? Daga wani ɗan kasuwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, mayar da kuɗinka aljihu, kada ka sayi ko ɗaya. Ciwon maƙogwaron da ya zo da mura da tari da yoyon hanci, mafi yawansa ƙwayar cutar bairos ce ke kawo shi, ita kuwa antibayotik ba ya yi mata komai, mai araha ne ko mai tsada. Jiki ne ke gamawa da ita da kansa, galibi cikin mako guda. Abin da ke ruɗa mutane shi ne, sai mutum ya fara shan kafso a rana ta uku, ya ji sauƙi a rana ta shida, ya ce kafson nan akwai aiki, alhali ko bai sha ba ranar ce sauƙin zai zo. Abin da kafson kan bari a baya kuwa ba alheri ba ne: gudawa, ƙuraje da ƙaiƙayi ga wanda jikinsa ba ya karɓar dangin fenisilin, sannan ƙwayoyin cuta su saba da maganin, ranar da ake nemansa da gaske ya ƙi ci.

Sayayyarka ba ta da yawa. Farasitamol mai giram rabi, wato 500mg, ƙwaya biyu duk bayan awa shida, kada ka wuce takwas a kwana ɗaya. A nan akwai tarko: yawancin magungunan mura na kemis da farasitamol a cikinsu, in ka haɗa su da wanda ka saya daban, hanta ce ke ɗaukar nauyin. Karanta bayan kwali, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa tun kana gaban kanta. Ibuprofen ma yana rage zafin haɗiya, amma bayan cin abinci ake shan sa, kuma mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar shi.

Sauran suna cikin gidanka. Rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka ɗaga kai ka kurkure har maƙogwaro, ka tofar, sau uku ko huɗu a rana. Shayi mai ɗumi da zuma da lemon tsami, in kana son citta ka jefa kaɗan. Mai ɗumi na ce, ba mai ƙona harshe ba. Tom Tom da Strepsils suna sa yawu ya taru, maƙogwaro ya ɗan yi sanyi, mai arahar ma ya wadatar. In za ka hau babur cikin ƙurar nan ka rufe hanci da baki.

Akwai dai irin da ke buƙatar antibayotik, shi ne na bakteriya. Kamanninsa daban ne: zazzaɓi mai zafi, babu tari babu mura, kaluluwa a ƙarƙashin muƙamuƙi mai ciwo in an taɓa, da farin abu a kan tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro da ake kira tonsil. Ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Shi likita ne zai duba ya rubuta fenisilin ko amoxicillin na kwana goma cur, kuma a shanye ko an ji sauƙi a rana ta uku, domin barinsa rabi da rabi kan kai ga zazzaɓin da ke kumbura gaɓoɓi ya lalata ƙofofin zuciya shekaru bayan an manta da ciwon maƙogwaron. Ka lura, ko a nan ma mai arahar ne maganin. Naka in ya haura mako bai sauka ba, ko ka kasa haɗiye ruwa, ka je a leƙa.

Tambaya: Malam, 'yata mai shekara shida tana zazzaɓi kwana biyu, ta ƙi abinci, wuyanta ya kumbura, muryarta ta shaƙe. Kakarta ta ce belu ne ya sauko, a kira wanzami ya cire, kuma kuɗinsa bai kai na asibiti ba. Ina jin nauyin yi mata musu. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: 'Yar uwa, ki ajiye wayar nan ki ɗauki yarinyar zuwa asibiti yau, kada a kwana. Zazzaɓi da kumburin wuya da shaƙewar murya a jikin ƙaramin yaro, abin da ake fara tsoro shi ne mashaƙo. Tun ƙarshen shekarar 2022 cutar ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, ta taɓa Yobe, Katsina, Bauchi da Borno, ta kuma bayyana a jihar Damagaram ta Nijar. Alamarta ita ce wata fatar-fata mai ruwan toka da ke manne a maƙogwaro, in aka kankare ta sai jini. Tana iya toshe hanyar numfashi, gubar da ƙwayar cutar ke fitarwa kuma tana kai wa zuciya da jijiyoyi hari. Maganin gubar allura ce ta musamman da ba a sayar da ita a kemis, kuma da wuri take aiki; gubar da ta riga ta shiga tsoka allurar ba ta iya janyo ta. Ba na ce lallai mashaƙo ce ba, daga nan ba na ganin bakinta. Cewa na yi ba abin jira ba ne.

Shi kuwa belu, Allah ya halicci kowa da shi. In maƙogwaro ya kumbura shi ma yakan kumbura ya yi ja, sai a ɗora masa laifin da ba nasa ba. Sa aska a wurin da ke ciwo yana jawo zubar jinin da ke da wuyar tsayarwa ga yaron da dama bai ci abinci ba, ga tetanus, ga ciwon hanta ko ƙanjamau in askar ta bi wasu bakuna kafin nata. Arahar wanzami a ranar farko take. Ƙarin jini da kwanciya su ne kuɗin gaske.

Game da Hajiya, ba sai kin yi mata musu ba. Ki sa maigidan ya gaya mata cewa za a fara kai yarinyar a duba ne saboda cutar da ke yawo a gari. Dattijuwar da ta ji labarin mashaƙo a rediyo ba za ta hana ba, ita ma jikarta take so. Ki tafi da katin riga-kafin yarinyar. Allurar Penta da ake yi wa jarirai a sati 6, 10 da 14 ita ce garkuwa, kyauta ce a asibitin gwamnati, kuma in akwai ƙannenta da ba su cika ta ba, ki faɗa wa ma'aikatan tun a ranar. Kafin nan a ware mata kofi da cokali. Aspirin kuma ba na yara ba ne, kada a ba wanda bai kai shekara 16 ba.

Tambaya: Duk sanda na goge baki sai dasashina ya yi jini, ya kumbura, uwargida kuma ta fara yi mini maganar wari a fakaice. Na koma aswaki kaɗai. Na ga ruwan kurkure baki iri-iri da man goge baki na gawayi a kanti, wanne zan saya? Daga wani malamin makaranta a Gusau.

Amsa: Malam, uwargida ta kyauta, ba kowa ke faɗa ba. Jinin nan ba buroshi ne ya kawo shi ba. Wani danƙon datti ne mai cike da bakteriya yake taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi, shi ke sa wurin ya kumbura ya riƙa jini da an taɓa. Mutane da sun ga jini sai su daina goge wurin, dattin ya ƙaru, jinin ya ƙaru. Maganin shi ne a ci gaba da gogewa a hankali, kuma in an dage, cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin kan ragu sosai.

Ka sayi buroshi mai laushi mai ƙaramin kai. Mai taurin nan da wasu ke nema wai ya fi fitar da datti, dasashi yake ci har saiwar haƙori ta fito. Ka canja shi duk wata uku. Man goge baki kuwa, suna da kwali ba su dame ka ba, abu ɗaya za ka nema a jikinsa: fluoride, tsakanin 1,000 zuwa 1,500ppm. Sau biyu a rana, minti biyu, na dare kafin barci shi ne babba. Ka tofar da kumfar, kada ka bi da ruwa nan take. Na gawayi bar shi a kanti. Shi da toka da garin gawayin gida kankare fatar haƙori suke yi, hasken da ake gani na ɗan lokaci ne, abin da ya goge kuma ba ya dawowa. Aswaki abu ne mai kyau, riƙe shi da rana da lokutan salla, sai dai bayan haƙoran ciki da tsakankaninsu ba ya kai musu yadda ya kamata, don haka ƙari ne a kan buroshi. Zaren sakace ya fi tsinke, balle tsinken tsintsiya ko ashana.

Ruwan kurkure baki na ƙamshi wari kawai yake rufewa na awa ɗaya ko biyu. Mai magani a cikinsu shi ne mai chlorhexidine, shi ma na ɗan lokaci ne, kamar mako biyu, in aka zarce yana rina haƙori ya dusashe ɗanɗano. Da ni ne, kuɗin kwalaben nan zan tara in kai sashen haƙori na babban asibiti a yi mini wankin haƙori. Dattin da ya riga ya daskare ya zama dutse a gindin haƙori, musamman ga mai cin goro ko shan taba, babu buroshin da ke cire shi, sai na'ura. Maganar da ake yi cewa wankin yana sa haƙori girgiɗi ba haka ba ne; dutsen ne ya riga ya cinye ƙashin da ke riƙe haƙorin, da aka ɗauke shi ɓarnar ta fito fili. Ka roƙi a gwada maka suga a ranar, domin ciwon suga da ciwon dasashi suna tafiya tare.

Abin da ba a jira da shi: kumburi a gefe ɗaya mai zogi da mugunya, kunci ya tashi, zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa. Kanumfari yana ɗan kashe zafi kafin a isa asibiti, amma kada a danna aspirin a jikin dasashi, ƙona shi yake yi. Ɗiga ruwan batir ko fetur a haƙori kuwa, ban ma san wanda ya fara koya wa mutane wannan ɗanyen aiki ba. Iyaye kuma su saurara: ƙaramin yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, ko wanda ya tashi daga ƙyanda, in dasashinsa ya yi gyambo yana wari, a gaggauta. Haka cutar da ake kira Noma, mai cinye naman baki da fuska, ke farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. A matakin farko antibayotik da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tare ta. A Sakkwato akwai asibiti sukutum na masu wannan cuta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Tambaya: Tun da aka sa ni a maganin hawan jini dasashina yake ƙara kauri yana hawa kan haƙora. In daina sha ne? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kada ki daina. Ki duba kwalin, in amlodipine ne ko nifedipine, an san su da haka, kamar yadda aka san phenytoin na masu farfaɗiya. Ki koma wa likitan da ya rubuta miki, ki nuna masa bakin, akwai wasu magungunan da zai iya sauya miki. Wankin haƙori yana rage kaurin. Yanke maganin hawan jini da ka kuwa shanyewar ɓarin jiki yake gayyatowa.

Tambaya: Wata biyu ke nan ina jin kamar wani abu ya tsaya mini a maƙogwaro. Na bincika a intanet, duk abin da na karanta cutar kansa (ciwon daji) yake nunawa, har barci ya gagare ni. Na ga ana tallar wani maganin gargajiya a Facebook mai wanke maƙogwaro. In saya, ko in tara kuɗin hoto? Daga wata ɗaliba a Bauci.

Amsa: Ƙanwata, ko ɗaya ba yanzu ba. Maganin da ba a faɗi abin da ke cikinsa ba, mai warkar da cuta goma a kwalba ɗaya, ba zan ce ki sa a cikinki ba. Hoto kuma likita ne ke cewa a yi, bayan ya duba.

Ga abin da za ki lura da shi. In abinci da ruwa suna wucewa lafiya, kuma kin fi jin abin sa'ad da kike haɗiyar yawu kawai ko hankalinki ya tashi, to wannan sananne ne, kuma galibi daga abu biyu yake: ƙwannafi da ke hawowa da dare, ko damuwa da ke ɗaure tsokar wuya. Yawan gyaran murya da latsa wuya ana neman ƙulli suna ƙara shi. Kansar maƙogwaro ta fi samun manya, musamman waɗanda suka daɗe suna shan taba ko giya, kuma takan zo da alamun da ba ki ambata ba: abinci ya riƙa maƙalewa, rama ba dalili, dusashewar murya fiye da mako uku, ƙulli mai tauri a wuya da ba ya sauka, tofar da jini, ko ciwon kunne ɗaya da ya ƙi tafiya.

Duk da haka wata biyu ya isa a duba, ko don ki samu barci. Ki yanki kati a asibitin makarantarku ko babban asibiti, in da hali a tura ki sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ki rubuta a takarda yaushe ya fara, me ke tsananta shi, da duk maganin da kika sha, ki kuma faɗa wa likitan kai tsaye cewa kansa kike tsoro kuma ba kya barci, domin rashin barcin shi ma abin dubawa ne. Kafin ranar, ki ci abincin dare awa uku kafin ki kwanta, ki rage yaji da maiƙo da lemon kwalba, ki ɗan ɗaga wajen kan gadonki, binciken alamun cuta a waya kuma ki dakatar da shi har sai kin ga likitan.