Kamfanin da ke gaban shagona zai tashi: in sabunta haya ko in bi su?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Agege, shagona kuma yana Ikeja, daura da babban ofishin wani kamfani. Shekara 9 ke nan ina sayar da kayan tireda a wurin, ina da POS, akwai kuma yarona mai shayi da safe. Yanzu an tabbatar mana kamfanin zai kwashe hedikwatarsa ya koma Abuja nan da wata 4, ɗan ƙaramin reshe kawai zai bari. Hayata ta kusa ƙarewa, mai shago yana neman kuɗin shekara 2 a dunƙule. Ga ma'aikatan kamfanin da yawa da nake bi bashi. Wasu sun ce in bi su Abuja, wasu sun ce in kwantar da hankalina, ai Legas ce, wani zai zo ya maye gurbinsu. Me kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a nema.

Masu ce maka "ai Legas ce" ba ƙarya suka yi ba, sai dai maganar gari suke yi, kai kuwa maganar layi ɗaya kake tambaya. Garin nan ya taɓa rasa abin da ya fi hedikwatar kowane kamfani girma. Ranar 12 ga Disamba, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta mayar da fadar mulkin ƙasa Abuja, bisa shawarar da aka yanke tun 1976 zamanin Janar Murtala. Ma'aikatu suka bi, ofisoshin jakadanci suka bi a hankali. Legas ba ta durƙushe ba, saboda tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can suna nan, bankuna suna nan, kasuwannin Balogun da Idumota da Alaba da Mile 12 suna nan. Amma ka je Ikoyi ka dubi tsohuwar sakatariyar tarayya. Ƙaton gini ne, shekara da shekaru babu kowa a ciki. Duk mai abinci da mai shayi da mai wankin takalmi da ke ci a ƙofarta, bunƙasar da Legas ta yi daga baya ba ta dawo masa da cinikin wannan ƙofar ba. Gari mai ƙafa da yawa yakan jure. Wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya kuwa, mun ga yadda Kakuri ta Kaduna ta koma bayan masaƙu sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Shagonka a yau ya fi kama da Kakuri, tunda gini ɗaya ke ciyar da shi.

Abin da ya sa tashin hedikwata ke da zafi shi ne, a nan alƙalami yake. Masana'anta ta fi ta yawan ma'aikata, amma a babban ofishi ake sa hannu: wa zai kawo man dizal, wa zai kawo abinci ranar taro, wa zai buga takardu, wa zai gyara motoci, wane kamfanin gadi da na shara za a ɗauka. Saboda haka kullum akwai baƙi a ƙofa, 'yan kwangila masu bin kuɗinsu, masu neman aiki, direbobin da ke jiran iyayen gidansu, ma'aikatan rassa da aka kira taro. Reshen da za a bari ba ya jawo irin wannan zirga-zirga, don manajan reshe umarni yake jira daga sama. Shi ya sa a farkon 2024, da aka ce hukumar filayen jiragen sama ta FAAN za ta mayar da hedikwatarta Legas daga Abuja, kuma Babban Bankin Najeriya ya tura wasu sassansa can, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Arewa. Mutane sun san ba tebura da kujeru kaɗai ke tafiya ba.

Ita ma gwamnatin jiha tana da nata rashin, ko da yake ba inda mutane suka fi zato ba. Harajin ribar kamfani na gwamnatin tarayya ne, ko ina ofishin yake. Harajin da ake cirewa daga albashi shi ne na jihar da ma'aikaci ke zaune, kuma manyan albashi a hedikwata suke. Wannan damuwar Alausa ce, wato mazaunin gwamnatin Jihar Legas, ba taka ba.

Taka damuwar ita ce littafin bashin nan, kuma a kansa nake so mu daɗe. Ka buɗe shi ka karanta sunayen. Ina da yaƙinin ba za ka tarar da darakta ko babban manaja a ciki ba, su a manyan kantuna suke sayayya. Waɗanda ke karɓar suga da madara da taliya a wurinka sai ƙarshen wata su ne masu gadi, masu shara, direbobi, masinjoji da ƙananan ma'aikata. Su ne kuma ba a tafiya da su. Da yawansu ma ba ma'aikatan kamfanin ba ne kai tsaye, wani kamfanin kwangila ne ya kawo su, ranar da kwangilar ta ƙare aikinsu ya ƙare, galibi ba tare da wani kuɗin sallama na a-zo-a-gani ba. Wato mutanen da suka fi yi maka ciniki, su ne za su rasa aiki, su ne kuma kake bi bashi. Idan ka bari sai an ɗaure kaya, mutumin kirki ma zai kasa biyanka, ba don mugunta ba, don babu.

Kana da albashi 4 a gabanka, ƙila ma 3, tunda sallamar ƙanana takan riga tashin manya. Ka kira kowa shi kaɗai, ba a gaban mutane ba, ku raba bashinsa gida uku, ku rubuta, ya riƙa biya ranar da albashi ya shigo, ba bayan kwana uku ba. Da yake kana da POS, abin ya zo da sauƙi, a wurinka da yawa ke cire kuɗi. Sabon bashi kuma ka tsayar da shi daga yau, ko ka ce wanda ya biya dubu 10 zai iya ɗaukar na dubu 3. Na san da nauyi, shekara 9 kuna tare, wasu kun zama kamar 'yan'uwa. Wanda ka ga da gaske ya shiga ƙunci, ka ɗaga masa ƙafa ko ka yafe don Allah, akwai lada a ciki. Amma ka yafe da saninka, ka rubuta ka cire daga lissafi. Kada ka riƙa ƙirga kuɗin da ba zai dawo ba a matsayin jari.

Batun bin su Abuja, ban goyi baya ba. Wa za ka bi? Kwastomominka a nan za a bar su. Can kuma za ka tarar wasu sun riga ka kama wuri, ga hukuma da ba ta wasa da ƙananan shaguna a tsakiyar birni, ga iyali da makarantar yara a Agege. Mutuncin da ka gina wurin 'yan sari, wanda ya sa suke ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, ba ya shiga mota ya bi ka.

Kafin ka amsa wa mai shago, akwai gwajin da ba zai ci maka ko kwabo ba. Cinikinka na Asabar da Lahadi da ranakun hutu, lokacin da ofishin ke kulle, shi ne hoton shagonka bayan sun tafi. Ka buɗe kamar kullum makonni 3 a jere, ka rubuta cinikin kowace rana, tireda daban, POS daban, shayi daban. A ce kana yin dubu 100 ranar Talata, Asabar kuma dubu 60, to unguwa da masu wucewa suna riƙe da kai, za ka ji jiki amma za ka tsaya. Idan kuwa Asabar dubu 20 ce, kamfanin ne kasuwarka. Sai ka ɗauki ribar wannan ƙaramin cinikin, ba cinikin kansa ba, ka ga ko za ta biya haya da yara da kuɗin wuta da na ƙaramar hukuma, har ta bar maka na cefane.

Kuɗin shekara 2 kam kada ka bayar, ko da gwajin ya yi kyau. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da na shekara ɗaya daga ɗan haya mai biyan shekara-shekara, in ban da wurare irin su Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA waɗanda dokar ta ware. Gaskiya masu gidaje da dama ba sa bin ta, ba kuma nake cewa ka je ka yi masa barazana da kotu ba. Amma shi ma ya ji labarin da ka ji, ina zaton ma shi ya sa yake son ya ɗaure ka tun yanzu. Ka je da kanka tare da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka nemi shekara ɗaya a tsohon farashi, ko wata 6 in zai yarda. A wannan karon kai ne mai ƙarfi a cinikin, don ba kowa zai yi ribibin shago a gaban ginin da za a kulle ba.

Sai ka binciki ginin. Na kamfanin ne ko haya suke yi? Masu gadi da direbobi sun fi kowa sanin wannan. In haya ne, mai shi zai yi gaggawar sa wani, don kuɗinsa ne ke kwance. In nasu ne, yana iya ɗaukar shekaru ana neman mai saye. Ko an samu sabon mai shiga ma, ba lallai irin na da ba ne. A nan Ikeja, bayan Dunlop ta daina yin taya a 2008 da wasu masana'antu da suka bi sahu, manyan gine-gine da dama sun koma rumbunan ajiya ko majami'u, kuma cinikin ranar Lahadi ba ɗaya yake da na Litinin zuwa Juma'a ba. A Broad Street da kewayen Marina, da ofisoshi suka yi ta ƙaura zuwa Victoria Island, 'yan kasuwar Balogun ne suka cika ƙasan benaye da shaguna. Wanda ya sauya haja ya dace da sababbin maƙwabta ya ci gaba da ci.

A tsakanin nan ka rage sarin kayan da ma'aikatan ofis kaɗai ke saye, da duk abin da ke lalacewa da wuri, ka riƙe kuɗi a hannu. Kada ka ci bashin banki don cike giɓi. Yaronka mai shayi shi zai fara jin abin, ka gaya masa gaskiya tun yau, tebur da tukunya ba su da wuyar ɗagawa. Tun 2024 jirgin ƙasa na Red Line ya fara jigila, yana tsayawa a Agege da Ikeja da Oshodi. Ka ware safiya biyu ko uku ka tsaya kusa da tashar Agege ka ƙirga masu wucewa da idonka, ka tambayi kuɗin ɗan wuri a layukan da ke kaiwa can. In da hali, ka fara tura POS ɗaya can tun kamfanin bai tashi ba, ka ga abin da zai kawo.

Idan ka gama rubuta cinikin makonni ukun nan, ka aiko mini da shi tare da jimillar bashin da ke waje da abin da mai shago ya ce, sai mu zauna a kan lissafin.