Karen gidan ceto ko mai takardar asali? Amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Malam, barka da aiki. Yarana uku, autansu shekararsa 4, kuma ba mu taɓa ajiye kare ba. Wani abokina ya ce in sayi ɗan kwikwiyo mai zallar jini, wai ta haka zan san halinsa tun bai girma ba. Wani kuma ya ce in je gidan ceton karnuka in ɗauko wanda ba shi da mai shi. Ni da maiɗakina duk muna fita aiki da safe sai yamma. Wanne ya dace da mu?

Amsa: Malam, abokinka na farko rabin gaskiya ya faɗa maka. Jinsin kare yana nuna girman da zai kai, irin gashinsa, da yawan motsin da jikinsa zai nema. Ɗan Labrado zai kai kilo 25 zuwa 36, zai riƙa zubar da gashi, zai so ruwa da ɗauko abin da aka jefa masa. Amma ko zai jure yaro ya ja masa kunne, ko zai firgita da baƙo, takarda ba ta san wannan ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan karnuka sama da 18,000, inda aka gano cewa jinsi bai ɗauki fiye da kusan kashi 9 cikin 100 na bambancin hali tsakanin kare da kare ba. Iyayen da suka haife shi, abin da ya gani a makonninsa na farko, da hannun da ya rene shi, duk suna da nasu rabon.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a tambayarka shi ne fitarku aiki. Kwikwiyo ɗan mako 8 yana buƙatar a fitar da shi fitsari kusan duk awa biyu, a ba shi abinci sau uku ko huɗu a rana. Daga mako 3 zuwa kusan 14 ne yake karɓar sabbin mutane da ƙararraki ba tare da tsoro ba, kuma in wannan lokacin ya wuce yana kulle shi kaɗai, gyaran baya yana da wuya. Ga ƙaiƙayin haƙori har wata 6 ko 7: zai tauna takalmi, zai tauna hannun autanka, yaron ya yi kuka ya ruga, shi kuma ya ɗauka wasa ne ya bi shi.

Don haka shawararmu ita ce babban kare mai shekara 2 zuwa 5 daga gidan ceto, wanda aka san ya taɓa zama da yara. Shi gani ya kori ji: girmansa ya tsaya, halinsa ya fito. Ko shi ma kada a bar shi wuni guda cur ba kowa. A samu mai leƙa shi da tsakar rana.

In ka je, kada ka yanke hukunci ta cikin keji. Kare mai sanyin hali yakan yi ta haushi a can saboda hayaniya, mafaɗaci kuma yakan lafe. Ka nemi a fito da shi wuri mara hayaniya, ka ba shi minti 20. Ka tsaya a kaikaice, kada ka ƙura masa ido, ka bari shi ya zo. Jiki a sake da jela mai kaɗawa har da ƙugu alama ce mai kyau. Jiki a sandare, farin ido a waje, lasar leɓe da hamma ba dalili, ko jela a matse tsakanin ƙafafu, duk damuwa ce. Kaɗa jela kaɗai ba shaidar lumana ba ce, akwai mai kaɗa ta a miƙe yana shirin cizo. Ka tambayi ma'aikata kai tsaye: tsinto shi aka yi ko mai shi ne ya kawo shi, kuma don me? Ya taɓa cizo? Yana gurnani in an matso kwanon abincinsa? An taɓa mayar da shi bayan an ɗauka? Ka koma karo na biyu da yaran. Kowanne ka ɗauko, ba a barin ɗan shekara 4 da kare su biyu kaɗai, ko na minti ɗaya.

Tambaya: Na ji an ce kare ruwa-biyu ba ya ciwo, masu zallar jini ne kullum a asibiti. Gaskiya ne, Malam?

Amsa: An zuzuta maganar, Malama, amma tana da tushe. Bayan da aka kafa Kennel Club, ƙungiyar rajistar jinsin karnuka, a Ingila a 1873 da takwararta ta Amurka a 1884, rajistar jinsi ta koma rufaffiya: ba a karɓar kwikwiyo sai iyayensa duka suna ciki. Sai namiji guda da ya ci gasa ya zama uban ɗaruruwa, barbarar dangi ta yawaita, cutar gado da ke ɓoye ta samu abokiyar haɗuwa daga uwa da uba. Shi ya sa kusan kowane jinsi yake da tasa. Jaman Shefad, Labrado da Rotwaila suna fama da gurɓacewar gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a gurbinsa, ya kai ga amosanin gaɓɓai. Dobaman, ciwon kumburin zuciya. Dalmeshan, kurunta da tsakuwar mafitsara. Giret Den, murɗewar tumbi, wadda ke kisa cikin awanni in ba a yi tiyata ba. Kabaliya kuwa matsalar zuciya da ta ƙwaƙwalwa sun yi masa yawa har kotun ƙolin Norway ta hana hayayyafa shi a 2023.

Masu gajeren hanci irin su buldog sun fi ba mu tausayi. An gajarta ƙashin fuska, naman ciki bai ragu ba, sai ya toshe hanyar iska. Minsharin da mutane ke gani abin dariya wahalar numfashi ce. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, to wanda hakinsa ba ya tafiya daidai zafi kan kayar da shi da wuri. Da yawa daga matansu ma sai da tiyata suke haihuwa saboda girman kan 'ya'yan.

Sai dai jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta duba bayanan karnuka sama da 27,000 a wani bincike na 2013 kan cututtukan gado 24. Guda 10 sun fi yawa a masu zallar jini, 13 babu bambanci, ɗaya kuma, tsinkewar jijiyar gwiwa, ta fi yawa a ruwa-biyu. Wato ruwa-biyu yana iya gadon ciwo daga ɓangarorin biyu. Misali mai amfani: karen da ke da jinin Koli yana iya ɗauke da canjin ƙwayar halitta da ake kira MDR1, wanda ke sa maganin tsutsa na ibamektin ya zame masa guba in an ba shi da yawa. Ki faɗa wa likitan dabbobi in kina zargin wannan jinin.

Karen gidan ceto nasa ciwon galibi na cunkoso ne: tarin keji, tsutsar ciki, ƙuma, kaska da ƙazwa. Waɗannan suna jin magani. Ki kai shi likita cikin kwana biyu ko uku da ɗauko shi, kuma in akwai wani kare a gida ki ware su kwana 14.

Tambaya: Ni na riga na yanke shawara, Jaman Shefad nake so don tsaro da horo. Yaya zan gane mai kiwon kirki? Na ga tallace-tallace da yawa a intanet, wasu da araha sosai.

Amsa: Dalilinka mai ƙarfi ne, Malam. Wanda ke neman kare don wani aiki takamaimai yana da hujjar bin jini, domin tun 1899 da Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyar wannan jinsi a Jamus, don aiki ake zaɓensa. Amma ka riƙe abu guda: takardar asali tana faɗin sunan uwa da uba da kakanni ne kawai. Ba takardar lafiya ba ce.

Abin farko, ka ga uwar da idonka, tare da 'ya'yanta, a inda aka haife su. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Karya matsoraciya ko mafaɗaciya tana ba 'ya'yanta halin ta jini da ta reno. In aka ce maka ta fita yawo, ko aka ce a haɗu a bakin hanya a miƙo maka kwikwiyo, ka juya. Haka dillalan gonakin kwikwiyo ke yi, inda ake tsare karya a keji ana yi mata barbara duk zuwan lokacinta. Ingila ta hana irin wannan sayarwa ta hannun dillali a 2020 ga kwikwiyon da bai kai wata 6 ba.

Na biyu, sakamakon hoton ƙashin ƙugu da gwiwar hannu na uwa da uba, a rubuce, ɗauke da lambar shaidar kowannensu. Gidauniyar OFA ta Amurka, mai tantance irin waɗannan hotuna, ba ta ba da shaidar ƙarshe sai kare ya cika wata 24, tsarin Ingila kuma daga wata 12. “Likita ya duba su, lafiyarsu ƙalau” ba amsa ba ce, domin ba a ganin wannan ciwon da ido a ƙaramin kare.

Na uku, shekaru da rigakafi. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8. A wurin 'yan'uwansa yake koyon rage ƙarfin cizo. Katin rigakafinsa ya nuna allurar farko ta fabo (cutar amai da zawon jini) da distemfa (wata cuta mai yaɗuwa tsakanin karnuka) a mako 6 zuwa 8, da sa hannun likita da tambarin kwalbar, sannan a ci gaba duk mako 2 zuwa 4 har ya kai mako 16. Ta haukan kare daga mako 12. Maganin tsutsa tun mako 2, duk bayan mako biyu. In an dasa masa ƙwayar shaida a ƙarƙashin fatar wuya, a karanta lambar mai lambobi 15 a gabanka ka gwada ta da ta takarda.

Ka duba ɗan da kansa: ido garau, kunne ba wari, dasashi ja-ja ba fari fat ba, gindin jela ba alamar zawo. Tumbi a kumbure da haƙarƙari a waje tsutsa ce. In ɗaya a cikin 'ya'yan yana amai da zawon jini, ka bar su duka, kuma ka wanke takalminka da bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, domin ƙwayar fabo tana yin watanni a ƙasa.

Mai kiwon kirki zai yi maka tambayoyi har ka ƙosa, zai iya sa ka jira watanni, kuma zai rubuta cewa zai karɓi karen in ka kasa riƙe shi. Mai jinsi biyar ko shida a shirye kowane lokaci ɗan kasuwa ne. Tura kuɗin kafin alƙalami kan hoto kawai sayen kifi a ruwa ne, sau da yawa ma babu kifin.

Tambaya: Ta fuskar kuɗi fa, wanne ya fi sauƙi?

Amsa: A ranar farko, na gidan ceto. Kuɗin da ake karɓa yakan haɗa da rigakafi, maganin tsutsa, sau da yawa har da fiɗiya. Bayan nan girma ne ke yanke hukunci, ba takarda ba. Kare mai kilo 35 yana cin kusan giram 400 zuwa 450 na busasshen abinci a rana, mai kilo 8 kusan 150, kuma magunguna da nauyi ake auna su. Kare jinsin Fudul sai an yi masa aski kusan duk mako 6. Ka lissafa shekara 10 zuwa 15, ka ware wani abu don tiyatar ba-zata.

Tambaya: 'Yata tana atishawa da ƙaiƙayin ido in ta kusanci kare. An ce akwai jinsin da ba ya tayar da wannan.

Amsa: Babu shi, Malama. Abin da ke tayar mata yana cikin miyau da ɓawon fata, kuma kowane kare yana da su, ko da ba ya zubar da gashi. A fara kai ta likita a gwada ta. In ya amince, ta zauna da ainihin karen da kuke so na awa guda, sau biyu ko uku a ranaku daban. In tana da asma, ku haƙura.

Tambaya: Kwana uku ke nan da na ɗauko karya daga gidan ceto. Ta shige ƙarƙashin tebur, abinci kaɗan take taɓawa, jiya ma ta yi mini gurnani da na jawo ta. In mayar da ita?

Amsa: Tukuna, Malam. Kwana uku ba a san hali ba. Galibi kwanakin farko na firgici ne, sai bayan makonni ta gane tsarin gidan, sakin jiki sosai kuma yakan ɗauki watanni. Jawo ta ɗin ne kuskuren. Gurnani gargaɗi ne, in ka doke ta a kansa za ta daina gargaɗin ta koma cizo kai tsaye.

Ka bar mata ƙarƙashin teburin, ka sa shimfiɗa, ruwa a kusa. Ka ajiye abinci sau biyu a rana a lokaci guda, ka ba da baya, ka ɗauke bayan minti 20. Ka ba ta irin abincin da take ci a can. In za ka sauya, ka riƙa gauraya sabon kaɗan-kaɗan har kwana 7, in ba haka ba zawo zai biyo. Ban da baƙi, ban da wanka a makon nan. Ka zauna a ƙasa nesa da ita kana harkarka, ka jefa mata ɗan nama ba tare da ka dube ta ba. In za ka fitar da ita, da igiya, ko a tsakar gida ne, kuma ka duba katanga da ƙofa, domin a makonnin farko ne sabon kare ya fi tserewa.

Likita kuwa ba a jira in ta ƙi ruwa, ko ta yi awa 48 ba ta ci komai ba, ko ga amai, zawon jini, farin dasashi, ko zafin jikinta ya haura digiri 39.5. In bayan mako uku ko huɗu har yanzu tana kai cizo ba tare da an matsa mata ba, musamman ga yara, ka kira gidan da ka ɗauko ta ka gaya musu abin da ya faru dalla-dalla, don su san irin gidan da za su nema mata.